An yi mini tiyatar ciki a bayan mahaifa, dangin miji sun ce ni na zubar

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 26, ina zaune a Kaduna. Shekara 2 da rabi da aurena ban taɓa ko ɓatan wata ba sai bana. Da ciki ya kai wajen sati 7 sai na fara jin ciwo a gefen marata na dama, ga wani jini baƙi-baƙi yana ɗan ɗigowa. Na je kemis aka ba ni maganin ciwo. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce cikin fari haka yake, ta jiƙa mini sassaƙe. Kwana 4 ina a haka. Wata asuba na shiga banɗaki jiri ya kwashe ni na faɗi. A asibiti suka yi hoto, suka ce cikin bai zauna a mahaifa ba, a bututun ƙwai ya tsaya, kuma ya fashe, jini ya taru a cikina. Maigidana ya sa hannu aka shiga da ni tiyata, aka cire bututun dama, aka ƙara mini jini leda 2.

Yau sati 6 ke nan. Jiki da sauƙi, amma zuciyata babu daɗi. Yayar mijina tana yaɗawa a dangi wai wani abu na sha don in zubar, ko kuma allurar tazarar haihuwa da na taɓa yi sau ɗaya a farkon aurenmu saboda karatu ita ta jawo. Hajiya kuma cewa take likitoci sun yi gaggawa don kuɗi, da an bar mata da ta sa an mayar da cikin mazauninsa. Yanzu tana cewa an cire mini rabin mahaifa, har ta fara yi masa zancen ƙarin aure. Shi kuwa ya yi shiru, ba uhm ba uhm-uhm. Anti, ni na kashe ɗana? Da ana iya mayar da shi mahaifa? Zan sake haihuwa kuwa? An kawo mini magungunan gargajiya wai in sha in samu ciki da wuri, in sha?

Wata baiwar Allah, Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, sannu da wannan rashi, kuma barka da arziki. Na haɗa miki gaisuwar guda uku don duk sun same ki a lokaci guda: an yanka jikinki, kin rasa cikin da kika daɗe kina roƙo, kuma Allah ya dawo da ke daga bakin kabari. Daga wasiƙarki na fahimci babu wanda ya zaunar da ke ya yi miki ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata. Kowa ya tafi neman mai laifi.

Bari in fara da tambayar da ta fi ci miki rai. Ba ke kika kashe ɗanki ba. Likitocin ma ba su kashe shi ba, maigidanki da ya sa hannu shi ma haka. Cikin da ya zauna a bututun ƙwai ba mai rayuwa ba ne tun ranar da ya zauna. Zaɓin da ke gaban likitoci a wannan asubar shi ne a rasa cikin kaɗai, ko a rasa cikin a rasa ki. Babu na uku.

Ga yadda abin yake faruwa, don ki fahimta ki kuma iya yi wa wasu bayani. Mace tana da gidan ƙwai biyu, dama da hagu, da bututu biyu masu kai ƙwai zuwa mahaifa. Kowane bututu tsawonsa wajen santimita 10 ne, siriri ne ƙwarai. A cikinsa ƙwan mace yake haɗuwa da maniyyin namiji, daga nan wasu 'yan ƙananan gashi da ke jikin bututun su riƙa tura shi a hankali, cikin kwana 3 zuwa 4 ya isa mahaifa, bayan wasu 'yan kwanaki kuma ya manne. Wani lokaci tafiyar takan tsaya a hanya, ƙwan ya manne a jikin bututun ya fara girma a nan. Mahaifa an halicce ta da tsoka mai kauri da ke buɗewa har ta ɗauki jariri na wata 9. Bututu kuwa ba shi da wannan. Kamar a ce an shuka kuka a cikin kaskon shuka ne: ba za ta zama bishiya ba, kaskon ne zai tsage. Idan ya tsage, jijiyoyin jini suke yagewa, jinin kuma ba waje yake fitowa a gani ba, cikin ciki yake kwarara. Shi ya sa kika ga ɗan ɗigo kawai a zane, alhali a ciki kina zubar da jinin da sai da aka mayar miki da leda 2. Jirin da ya kayar da ke alamar jinin ya yi ƙasa sosai ce. Da an ƙara 'yan sa'o'i ana jiƙe-jiƙe, da wata wasiƙar ce za ta zo mini, ba taki ba.

Ba kuma ke kaɗai ba ce. A cikin kowane ciki 100, ana samun 1 zuwa 2 da ke zama a wajen mahaifa, kuma fiye da 90 cikin 100 na irinsu a bututu suke tsayawa. Yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a watanni ukun farko na ciki. Kafin 1883, lokacin da wani likita mai suna Lawson Tait a birnin Bamingam na Ingila ya fara yin nasarar buɗe ciki ya ɗaure jijiyar ya cire bututun da ya fashe, yawancin matan da abin ya same su a haka suke tafiya. Aikin da aka yi miki shi ne wannan aikin, kuma har gobe shi ne maganin bututun da ya riga ya fashe.

Maganar Hajiya ta mayar da ciki mazauninsa, ina so ki cire ta daga zuciyarki gaba ɗaya. Babu asibiti a duniya, ko a Kaduna ko a Misira ko a Amurka, da ke iya ɗauke ciki daga bututu ya dasa shi a mahaifa ya rayu. Da zarar an raba shi da inda ya manne, jinin da ke ciyar da shi ya yanke. Abin da wuƙar likita ta kasa, jiƙo da turare da shafa ciki ba za su yi ba. Na san za a ce miki an taɓa jin wadda ta haifi ɗa da ya girma a wajen mahaifa. Akwai irin wannan, amma a cikin sararin ciki yake zama, ba a bututu ba, abu ne da ba kasafai ake gani ba, kuma haɗarinsa ga uwa babba ne. Naki ba shi ba ne.

Akwai gaskiya guda da ba zan ɓoye miki ba, don za ta amfane ki nan gaba. Idan aka gano irin wannan ciki da wuri, tun bai fashe ba, wani lokaci ana iya kauce wa tiyata. Likita yakan yi hoton mahaifa ta gaba, ya auna sinadarin ciki da ake kira hCG a jini, ya sake aunawa bayan sa'o'i 48. In cikin ƙarami ne, sinadarin bai yi yawa ba, mace kuma ba ta cikin matsanancin ciwo, ana iya yi mata allurar methotrexate, wadda ke tsayar da girmansa jiki ya shanye shi, a riƙa bibiyar jininta har sinadarin ya ƙare. Wasu ma sa ido kawai ake yi, abin ya baje da kansa. Wasu kuma a yi musu aikin ƙaramar huda da na'ura mai kyamara maimakon yanka. Amma ki lura da kyau: duk waɗannan hanyoyin bututu suke iya ceta, ba ciki ba. Ko da ranar farko kika je asibiti, cikin nan ba zai tsaya ba. Don haka kwana 4 ɗin nan da kike ta juyawa a ranki ba su ne suka raba ki da ɗa ba. Kin yi abin da mace mai cikin fari take yi, kin tambayi na gaba da ke. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake miƙa wa mace mai ƙaramin ciki maganin ciwo a kan kanta ba tare da an tambaye ta yaushe rabonta da al'ada ba. Mai ɓatan wata da ciwon mara gefe guda da ɗigon jini, wurinta asibiti mai na'urar hoto ne, a ranar.

Sai zancen yayar mijinki. Babu ƙwaya ko jiƙo da mace za ta sha ya ɗauki ciki ya kai shi bututu. Allurar tazarar haihuwa kuma ba ta jawo wannan matsala. Abin da aka sani game da ita shi ne takan jinkirta dawowar haihuwa na wasu watanni bayan an daina, har kusan shekara ga wasu, sannan ta bar jiki. Allurar da aka yi fiye da shekara 2 da suka wuce ba ta da hannu a cikin bana. Abubuwan da likitoci suka sani suna ƙara haɗarin su ne ciwon sanyi da ya hau har bututu ya bar tabo a ciki, musamman wanda ake ɗauka ta saduwa kuma sau da yawa ba ya nuna wata alama, da aikin da aka taɓa yi a bututu ko a mara, da cutar da ta biyo bayan ɓari ko haihuwa, da shan taba, da shigar ciki alhali akwai robar tazarar haihuwa a cikin mahaifa, da kuma shekaru in sun haura 35. Mata da yawa kuwa ba a samun ko ɗaya daga ciki a tare da su. Ba na kawo zancen sanyi don ki juya zargi kan maigidanki ba, kamar yadda ban yarda a juya shi kanki ba. Na kawo shi ne don ku je a duba ku duka biyu, in akwai a yi muku magani tare, saboda bututun da ya rage miki abin a tattala ne.

Zan sake haihuwa kuwa? Haihuwa ta Allah ce, amma ga abin da ilimi ya nuna. Ba a cire miki rabin mahaifa ba. Mahaifarki tana nan cikakkiya, kuma a yawancin irin wannan aiki ba a taɓa gidan ƙwai, sai dai ki tabbatar daga bakin likitanki. Bututu guda lafiyayye ya isa a yi ciki, har ma yakan ɗauko ƙwan da ya fito daga ɗaya gefen. Alƙaluman hukumar lafiya ta Ingila sun nuna kusan mata 65 cikin 100 suna samun ciki lafiyayye cikin wata 18 bayan irin wannan matsala. Haɗarin maimaituwa yana nan, wajen 1 cikin 10, wato ya fi na sauran mata, amma ki juya lissafin ki gani: 9 cikin 10 a mahaifa cikinsu na gaba yake zama. Komai ya rataya ne a kan lafiyar bututun hagu. Likitan da ya yi miki aiki ya gan shi da idonsa, don haka ki tambaye shi kai tsaye yadda ya same shi. Tunda kuma kun ɗan jima kafin wannan cikin ya samu, ni a ganina kada ku yi dogon jira. In kun fara nema aka yi wata 6 shiru, ku koma wurin likitan mata ku nemi hoton bututu da ake kira HSG, shi ma maigida a auna maniyyinsa. Ko da a ce bututun hagu ya samu matsala, ƙofa ba ta rufe ba. Dashen ƙwai a mahaifa, wanda aka fara haihuwa ta hanyarsa a 1978, an ƙirƙiro shi ne tun asali don matan da bututunsu ya toshe, kuma ana yin sa a Najeriya, sai dai akwai tsada.

Magungunan da aka kawo miki kada ki sha, kuma kada ki yi matsi da komai. Ba raini nake yi wa magungunan iyayenmu ba. Amma ba ki san abin da ke ciki ba, jikinki bai gama mayar da jini ba, kuma abin da ake cusawa a gaba yana iya kai ƙwayar cuta ga bututu ɗaya tilo da kike da shi. Gaggawar ma ba ta da amfani. Likitoci sukan ba da shawarar a bari al'ada ta zo sau 2, ko a yi kamar wata 3, kafin a sake nema. Ki yi amfani da wannan lokaci ki gina jikinki: ki sha maganin ƙarin jini da aka rubuta miki har ya ƙare, ki ci hanta da wake da zogale da alayyafo, ki bar ɗaukar bokitin ruwa da daka sai likita ya sallame ki. Idan lokacin nema ya matso ki fara shan folik asid kullum. Ki kuma san rukunin jininki. In mai alamar negetif ne, ki tambaya ko an yi miki allurar Anti-D, wadda ke hana jininki cutar da jaririn da za ki ɗauka nan gaba, ki kuma faɗa a duk awon cikin da za ki yi nan gaba. Wadda ta kawo miki maganin ki karɓa ki yi godiya, ki ce likita ya hana haɗa komai da nasa har sai ya sallame ki. Ba ƙarya kika yi ba, kuma ba ki ɓata wa kowa ba.

Yanzu mu zo kan mutanen gidan, don na san ciwon da ke hana ki barci ba na ɗinki ba ne.

Maigidanki nake so ki fara kallo da idon rahama, kafin ki nemi haƙƙinki a wurinsa. Mutumin nan ya ɗauki matarsa a sume, an miƙo masa takarda an ce ya sa hannu yanzu ko ya rasa ta, ya yi ta faɗi-tashin neman jini da kuɗin aiki, shi ma kuma ɗansa na fari ne ya tafi. Yanzu mahaifiyarsa tana cewa an cuce shi, wato a fakaice sa hannun da ya yi kuskure ne. Mazanmu da yawa ba a koya musu faɗin abin da ke ransu ba, sai su haɗiye. Shirunsa zai iya zama baƙin ciki ne da ruɗewa, ba yarda da zargin ba. Duk da haka shirun nan yana cutar da ke, kuma ba zai yiwu ya ɗore ba. Shi ne ya ji bayanin likita da kunnensa, shi ne kuma ɗan gidan. Maganar da zai yi wa Hajiya cikin minti biyar, ke ko shekara kika yi kina yi ba za ta shiga ba. Ki sami lokacin da hankalinsa yake kwance, ki fara da godiya. Ki ce masa, "Sa hannun da ka yi shi Allah ya sa ya zama sanadin rayuwata, ban manta ba. Amma ana cewa ni na zubar da cikinka, kai kuma ka san gaskiya. Ina roƙonka ka faɗa wa Hajiya da Yaya abin da likita ya ce." Kada ki haɗa da zagin 'yan uwansa, don da kin taɓa su zai koma kare su, maganarki ta bi ruwa. Ki kuma tambaye shi yadda shi yake ji. Mai yiwuwa babu wanda ya tambaye shi tun ranar.

Hajiya kuma, duk da zafin maganarta, ina ganin tsoro da rashin sani ne suka fi yawa a ciki. Ta ƙwallafa rai a kan jika. Wataƙila ma a can ƙasan zuciyarta tana jin nauyin cewa ita ta ce ki zauna a gida, ɗora wa likitoci laifi ya fi mata sauƙi. Kada ki tuna mata da wannan, ko da wasa. Dabarar da na fi so ita ce maigidanki ya gayyace ta ta raka ku asibiti ranar komawa, a matsayin uwa, likita ko babbar nas ta yi mata bayani da Hausa, ta yi tambayoyinta da kanta. Tsofaffinmu sukan karɓi magana daga mai farar riga fiye da daga bakin suruka. In ta ƙi, ko shi ya kasa buɗe baki, to sai a nemi wani babba da take jin nauyinsa, ɗan uwanta ko limamin unguwa, ko kuma iyayenki su zo cikin mutunci a zauna. Ki sanar da mahaifiyarki halin da ake ciki tun yanzu, wannan ba tonon asirin aure ba ne. In da hali ma ki nemi izini ki je gida ki yi sati biyu ki huta.

Yayar miji kada ki tare ta, kada ki mayar mata da martani a WhatsApp na dangi. Abin da take faɗa ƙage ne mai nauyi, kuma ɗan uwanta ne ya dace ya taka mata burki. Wanda ya tambaye ki, amsa guda ta isa: ciki ne ya zauna a bayan mahaifa, ya fashe, Allah ya yi da sauran kwana.

Zancen ƙarin aure ba zan yi miki alƙawarin abin da ba ya hannuna ba. Shawara ce da ke wuyansa. Abin da kike da haƙƙin nema shi ne kada a gina ta a kan ƙaryar cewa ke kin gama haihuwa, kuma kada a riƙa yi miki barazana da ita ɗinkinki bai gama warkewa ba. Wannan ki faɗa masa a fili. Kada kuma tsoron kishiya ya tura ki neman ciki kafin lokaci.

Ki bar kanki ki yi kuka. Cikin sati 7 ma ɗa ne a zuciyar uwa, ko da mutane sun ce ai bai zama mutum ba. Amma in kika ga makonni suna wucewa ba kya barci, ba kya cin abinci, abin da ya faru a banɗakin nan yana ta dawo miki, ko kina jin gara ma da kin mutu, ki faɗa wa likitanki ba tare da kunya ba. Wannan ma ciwo ne mai magani.

Abu na ƙarshe, kuma shi nake so ki rubuta ki ajiye. Ranar da kika sake ganin ɓatan wata, ki yi gwaji nan take. In ya nuna ciki, kada ki jira wata 3 ko 4 kafin fara awo kamar yadda aka saba. Ki je wurin likitan mata ki ce an taɓa yi miki aikin ciki a bayan mahaifa, a yi miki hoto wajen sati 6 zuwa 7 a tabbatar inda ya zauna. A nan Kaduna akwai asibitin koyarwa na Barau Dikko, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da asibitin sojoji na 44, ga kuma asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Ku zaɓi wanda ya fi kusa da ku tun yanzu, ku san wanda zai ba ki jini in buƙata ta taso, ku kuma bincika shiga tsarin inshorar lafiya na jiha, KADCHMA, don kuɗi kada su tsayar da ku. In kuwa kafin ranar hoton kika ji ciwo a gefe guda na mara, ko ɗigon jini, ko ciwo a saman kafaɗa, ko jiri da bugun zuciya, ko zafi wajen yin bayan gida, to ko ƙarfe biyun dare ne a tafi asibiti, ba a biya ta kemis ba. Takardar sallamar da aka ba ki ki ɗauki hotonta a waya, ki tura wa maigidanki shi ma ya ajiye. Allah ya ƙara sauƙi, ya mayar miki da mafi alheri. In kun dawo daga ganin likita, ki rubuto mini abin da ya ce game da bututun hagu.